Jakar da Na Ɗinka

Ni na ɗinka jakar nan da hannuna,
A kan keken da ke ciyar da ni a Yelwa,
Aljihu bakwai, zare ninki biyu,
Na ce ko giwa ba ta tsinka wannan igiya.

Na zuba gari da ƙuli, buta, tocila, bargo,
Takalmi na biyu, littafin da ban taɓa buɗewa ba,
Har da 'yar tukunya.

Arzika ya ce, "Manu, Argungu da ƙafa?
In kuɗin mota ne babu, faɗi, in ranta maka."
Na ce ba kuɗi ba ne, ƙasar nake son gani,
Shekara goma ina hangen ta ta tagar mota
Tana wucewa da sauri kamar mai jin kunya.

Ranar farko daɗi kamar romon kaza.
Raɓa ta jiƙa wando, Kwara na hagu tana leƙe,
Na gaida manoman da ban san sunansu ba,
Na tsaya sauraron hazbiya.

Rana ta biyu jaka ta fara nuna hali.
Abin da na ɗauka da safe kamar auduga
Da azahar ya koma buhun gishiri,
Ga bororo ya tsiro a dunduniya.

Igiyar giwa kuwa? Kafin Koko ta tsinke.
Na zazzage aljihu bakwai a gindin tsamiya,
Tela guda, jikan tela,
Babu allura ko ɗaya.

Wata tsohuwa, Tumba, ta ara mini basilla,
Ta tambayi sana'ata, na faɗa a hankali.
Sai da ta dafa bango don dariya.
Na bar mata tukunyar, ta cika mini ciki
Da tuwon shinkafa da busasshen kifi a miya.

Takalmi na biyu ya tafi da wani makiyayi.
Kowane gari sai ya karɓi haƙƙinsa,
Jaka tana ramewa, ni ina samun lafiya.

A Maiyama 'yan banga suka haska ni:
"Wa ya aiko ka? Me kake nema?"
Na ce yawo. Suka dubi juna.
Mai yawo da ƙafa, ga mota fal a titi?
Suka juye kayana, suka cinye ƙulin,
Babbansu ya shimfiɗa mini tabarma a barandar makaranta,
Sauro ya kwana yana yi mini tambaya.

Na zagi kaina a daren nan, ba na ɓoyewa.
Da asuba na ce motar farko tawa ce.
Ta zo, ta tsaya, yaron mota ya miƙo hannu,
Sai na ji bakina yana cewa, "Ku sauka lafiya."

A Jega na tsoma ƙafa cikin gulbi.
Wanda bai taka kwalta kwana bakwai ba
Bai san ruwa ba, ya san sunansa kawai.
Na zauna har ƙananan kifi suka saba da ni,
Na manta da gobe, na manta da jiya.

Bayan Ambursa fadama ta buɗe,
Shinkafa ta nuna har iyakar ido,
Yara na kaɗa gwangwani suna korar tsuntsaye,
Ɗaya ya raka ni, bai ce komai ba,
Ya miƙo mini rake, ya juya.

Na shiga Argungu ina ɗingishi.
Ba kiɗa, ba mai tarya,
Mai shayi kaɗai ya ce, "Daga ina?"
Na ce Yelwa. Ya ƙara mini madara,
Amma idonsa ya ce ƙarya.

Dawowa a mota na yi, a matse.
Wuni guda ya haɗiye kwana goma sha ɗaya.

Yanzu ga ni kan keke, ɗinkin mutane ya taru,
Littafin yana nan yadda ya tafi,
Basillar Tumba, ashe, ta biyo ni a aljihu na bakwai.
Ƙafata na taka keke tun safe,
Ba ta zuwa ko'ina, amma ta ƙi daina tafiya.
Bashi ne a kaina, dole in mayar da basilla,
Kuma na san hanya.